Jarkar Inna a Hanyar Badar

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Yau wata guda ke nan da dawowarmu daga Madina, kuma sau uku ina fara wannan rubutu ina yagewa, domin karatuna bai wuce firamare ba, ga kuma tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, ko in tauye wa wani haƙƙinsa. Amma akwai tambayar da ta hana ni sukuni, kuma ba za ta fahimtu ba sai na ba da labarin tun daga farko. Inda na yi kuskure a gafarce ni.

Mun tashi da asuba daga Kurayyat, unguwarmu a Jidda, ana fitowa daga masallaci. Mu huɗu ne a motata: ni, da mahaifiyata da muke kira Inna, da ƙanwata mai kula da ita, da wani abokina mai walda, Bahaushen Sudan. A bayanmu kuma wani dattijo ne, tsohon direba haifaffen Jidda, a tasa motar shi da iyalinsa. Kafin in tayar da inji sai da na zagaya motar sau huɗu ina taɓa tayoyi, har mai walda ya leƙo ta taga ya ce in dai ɗawafi ne, saura uku.

Motar tana buƙatar bayani. Irin motocin nan ne masu ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da tankin ruwa, ƙirar Jamus. Wasu alhazan Turkiyya ne suka zo da ita ta ƙasa, ta mutu musu, suka sayar suka koma ta jirgi. Bara na gan ta a Khumra, a filin da ake jibge matattun motoci, tayoyinta sun nutse a rairayi, kyanwa ta haihu a kan gadon. Gadon nan shi ya tsayar da ni. Mahaifinmu a Baƙi'a, maƙabartar Madina, aka binne shi, kuma Inna ta yi shekara tara ba ta je Madina ba, saboda bayanta ba ya barinta ta zauna a kujerar bas ko na sa'a ɗaya, likita kuma ya ce zuciyarta ba ta son zafi. Matar da ta taka da ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ta ratsa Sudan da goyo, ita ce tafiyar yini guda ta gagara. Na ce a raina, in ba za ta iya zama ba, ai za ta iya kwanciya.

Ni ba bakanike ba ne, mai tsaron sito ne a unguwar masana'antu ta Jidda. Da ni kaɗai ne, da har yau kyanwar tana nan. Ashe mu biyar ne a Jidda masu irin wannan mota, kuma duk Juma'a bayan la'asar ana haɗuwa a warshar mai walda, wato shagon aikinsa, kowa ya zo da abin da ya tsinto. Dattijon ya ba ni famfon ruwan inji da tiyon lagireto daga ajiyarsa. Wani Bayamane ya ɗinka katifa da labule. Wani ya kawo gilashin taga wanda ya fi ramin girma, aka yi sati biyu ana gardama kafin a yarda a faɗaɗa ramin. Mai walda ya yanke ƙasan motar da tsatsa ta cinye ya shimfiɗa sabon ƙarfe. Wata bakwai muka yi. Ranar da injin ya tashi, baƙin hayaƙinsa ya kori kowa daga warsha, muka tsaya a waje muna tari muna yi wa juna barka. Suna da doka guda: motar da aka tasa daga mutuwa ba ta tafiyar fari ita kaɗai, sai wani ya bi ta, kuma a baya, ba a gaba ba.

Abu ɗaya ne ban saurari kowa a kansa ba, wato tankin ruwan ɗaki. Na ji an ce kafin Turkawa wani Nasara ne ya riƙe motar, kuma da na buɗe tankin na ji wani tsami-tsami. Na wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mai walda ya rantse mini tsatsa ce kawai. Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda Inna ta yi alwala da ruwansa, saboda haka na bar shi babu komai, na rataya salka ɗaya a gefen mota. Sai kuma jarkar Inna. Zamzam ce cikakkiya wadda ta sa na ɗebo mata daga Makka, tana tafe da ita tare da likkafaninta a ƙunshe, kamar yadda tsofaffinmu suke yi in za su Madina, wai ko Allah zai sa a dace. Ta ce da ruwan za a yayyafa wa likkafanin. Ba na son ganin ƙunshin nan, amma ban isa in ce a bar shi ba.

Mun ratsa gari kafin ya cika. Jidda ta yanzu duk inda ka duba ana haƙa ko ana gini, manyan motocin siminti daga tashar jirgin ruwa sun yi layi. Muka tsaya wajen wani mai tanderu muka sayi gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake. Inna ta ci loma biyu a kwance, ta ce katifar Bayamanen ta fi ta gida.

Daga nan hanya ta miƙe, kwalta siririya, teku yana ɓullowa ta hagu yana ɓacewa, dama kuma fili ne fetal sai raƙuma jefi-jefi. Ni dai ban more kallon ba. Idona ɗaya yana kan allurar zafin inji, kunnena yana bayan labule wajen numfashin Inna. Kowace ƙara na ji sai in ɗauka wani abu ya kwance. Na tsaya kafin Tuwal, na tsaya a Tuwal, na tsaya bayan Tuwal. Duk tsayawa sai in buɗe inji in ɗauko sukundireba in ƙara murɗa ƙarfen da ya ɗaure tiyon lagireto, kaɗan dai, don kada ya yi yoyo.

"Ya zol, ka bar ƙarfen nan ya huta," in ji mai walda, da irin kiran mutanen Sudan. "Malam Waswasi, tiyo roba ce, ba wuyan ɓarawo ba."

Na ce to. A Rabig, muna shan mai, na faki idonsa na ƙara murɗawa. A can ne na ga abin da har yanzu yake ba ni mamaki a ƙasar nan, fetur ya fi ruwan sha araha. Na taya garwar ruwa, na ga kamar mai sayarwa ya tsoma hannu a ciki, na fasa.

Mastura muka ci abincin rana, tun kafin azahar. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba, in ya zo kada ya wuce gahawowin Mastura. Rumfuna ne da dogayen kujerun igiya, kai za ka nuna kifin da kake so, a soya a kawo da shinkafa mai ruwan ƙasa, riyal biyar mutum biyu su ƙoshi. Direbobi daga ko'ina suna kishingiɗe suna shan shayi. Na kai wa Inna nata cikin mota, na tarar tana gumi, ƙanwata tana mata fifita. Nan hankalina ya tashi. Na je na roƙi dattijo ya wuce gaba zuwa Badar ya samo mana ɗaki mai fanka, don muna isa a shigar da ita. Ya ce doka ba ta ce haka ba. Na ce Ammu, wato Baffa, motar nan tun asuba ko tari ba ta yi ba. Na yi ta naci har ya gaji, ya ce halas, shi ke nan, ya ja motarsa ya tafi. Tankinsa kuwa cike yake da ruwa.

Ba mu yi sa'a ɗaya da barin Mastura ba, hanya ta juya ta bar teku ta nufi duwatsu, sai na ga allura ta tashi tsaye. Kafin in taka birki tururi ya rufe gilashi. Da muka buɗe inji, ga tiyo ya tsage daidai ƙarƙashin ƙarfen da nake ta murɗawa, kamar an sa wuƙa. Ruwan lagireto duk ya tsiyaye a kwalta, muna kallo ya bushe.

Mai walda ya ɗauko kayan aikinsa. Ya jira ƙarfe ya huce, ya yanke bakin tiyon da ya tsage, ya ja ragowar da ƙyar ta kai, ya ɗaure. Gyara bai ɗauki rabin sa'a ba. Amma da muka juye salka, abin da ya rage a ciki bai ko jiƙa ƙasan lagireto ba.

Rana tana tsaka. A wannan lokaci direbobi duk suna kwance a gahawa, hanya ba kowa. Na tsaya a tsakiyar kwalta ina duban gabas da yamma, na koma mota, na sake fitowa. Cikin ɗakin ya zama tanderu. Muka buɗe ƙofofi, iskar da take shigowa ta fi ta ciki zafi. Ƙanwata ta kira ni a hankali ta nuna mini leɓen Inna, ya yi fari, numfashinta yana fita gajere-gajere. Aka ba ta zamzam ta kurɓa, aka shafa mata a fuska. Na ga mai walda yana kallon jarkar, na kawar da kai. Ya matso ya ce mini a kunne, wannan za ta kai mu Badar. Na ce masa ruwan da ake sha a tsaye ana fuskantar alƙibla, shi za a zuba a cikin tsatsa ya tafasa? In ya ɗiga a hanya ana takawa fa? Kuma ruwan likkafaninta ne. Ya ce shi ba malami ba ne, amma ya san awa nawa mutum yake iya yi a irin wannan zafi.

Ashe Inna tana jin mu. Ta sa ƙanwata ta ɗaga labule.

"Kai ɗan nan, zo. Ruwan nan naka ne ko nawa?"

Na ce nata ne.

"To ɗauki ka zuba. Ni Madina na ce a kai ni, ban ce bakin titi ba." Ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "Ruwan nan tun farko wa aka fitar wa? Ba wata uwa ce da ɗanta ba, a dajin da babu kowa? Yi bisimilla ka zuba."

Na ɗauki jarkar. Mai walda ya naɗe kwali ya yi mazurari, na cire rawanina na shimfiɗa a ƙasa don kada ɗigo ya taɓa kwalta. Muka rage mata kofi uku na sha. Injin ya tashi a bugu na biyu.

Ban san yadda na yi tuƙin nan ba. Na san dai iska ta fara shiga ta taga, ƙanwata ta ce numfashin ya daidaita. Saura kaɗan mu shiga Badar sai ga motar dattijo tana tahowa da gudu, ashe ya jira ya ga shiru ya juyo. Da ya ji abin da ya faru bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba ni sukundireban." Na ba shi, ya sa a aljihu. Har yau yana wurinsa.

Mun ƙarasa wunin a Badar a ɗaki mai fanka, muka kwana, da safe muka ƙarasa, dattijo yana manne a bayana kamar an ɗaure mu da igiya. Hanyar daga nan hawa ce tsakanin baƙaƙen duwatsu, da gonakin dabino nan da can. Da hasumiyoyin masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka bayyana, Inna ta ce a tashe ta zaune, ita da ba ta iya zama. Kwana huɗu muka yi. An tura ta a keke ta yi sallama, ta kuma tsaya a bakin katangar Baƙi'a ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa, mu dai muka ja baya.

Mun dawo Jidda lafiya, da dare biyu a hanya, tankin ɗaki cike da ruwa, don dattijo da kansa ya cika shi ya yi alwala da shi a gabana. Likkafani ya dawo a ƙunshe yadda ya tafi. Abin da tafiyar ta nuna mini ba mai daɗin faɗa ba ne: duk abin da mutanen nan suka gyara da hannunsu ya kai mu ya dawo da mu, abu uku da suka lalace kuwa, tiyo da tanki da doka, tsorona ne ya taɓa su. Inna ta riga ta ce a shirya wata tafiyar, kuma a ɗebo jarka biyu, ɗaya tata ɗaya ta mota.

Ga tambayar tawa. Ruwan nan yana nan a cikin lagireto, an ƙara masa na famfo a hanya amma ba a zubar da shi ba. Mai walda ya ce dole a juye shi a wanke lagireton a sa sabon tiyo, in ba haka ba tsatsa za ta toshe shi. Ruwan ya yi ja, ba ya shayuwa, kuma ba zan iya zubar da shi a ƙasan warsha inda ake taka baƙin mai ba. Na tambayi mutum biyu, ɗaya ya ce a binne, ɗaya ya yi dariya. Don Allah, duk mai karatu da ya san abin da malamai suka ce a yi da zamzam da ta zama haka, ko ya san wanda irin wannan ta taɓa samu, ya aiko da bayani ta hannun masu wannan shafi. Haka kuma wanda ya san inda ake samun tiyon irin wannan mota, a Jidda ko a Makka. Kafin amsa ta zo, motar tana tsaye a ƙofar gida, na sa mata kwano a ƙarƙashi, ina duba shi safe da yamma.