Maɓallin da Ya Kusa Hana Torleif Tashi

Duk wanda ya zauna a Brønnøysund ya san Torleif Aakvik, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ba ya iya ƙarasa tsallaka titi in ya ji ƙarar ƙaramin jirgi a sama, sai ya tsaya ya ɗaga kai, ya gaya wa na kusa da shi irin injin da ke ciki, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rediyo a jiragen kamun kifi. Asabar da Lahadi kuwa yana ƙungiyar matuƙa jirgin sama ta gari, wadda duk arzikinta bai wuce ƙaramin jirgi ɗaya mai kujera huɗu ba, da rumfa, da tukunyar kofi da ta girmi rabin mambobin. A can ya yi lasin, ya tashi shekara ashirin da shida ba tare da ya ko kwarzane fenti ba.

Sai zuciya ta yi masa gardama. Aka yi masa aiki a Tromsø, ya warke garau har yana faskare, amma likitan matuƙa ya ƙi sabunta masa takardar lafiya. Abokinsa Oddvar, mai koyar da tuƙi a ƙungiyar, ya yi ta lallashinsa ya zo su zaga tare. Torleif ya ce shi ba buhun dankali ba ne da za a ɗora a kujerar dama a kai shi shan iska, balle a hannun mutanen da shi ya nuna wa yadda ake duba mai. Girman kai ne tsantsa, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Ya koma ɗakin ƙasa na gidansu ya gina nasa jirgin. Allon kwamfuta uku, kujerar tsohuwar mota, sitiyari da abin takawa na juya wutsiyar jirgi, da rediyo mai maɓallan murɗawa da ya harhaɗa da hannunsa. Kullum bayan karin safe sai ya sauka da kofinsa, ya tashi zuwa Bodø ko tsibiran Lofoten, ya dawo kafin a sauke dankali. Kuma gaskiya yana jin daɗinsa. Abin da ya fi jin daɗi ma shi ne kushe na'urorin da masu manhajar suka saka wa ƙananan jiragen. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake rubuta laifinsu ɗaya bayan ɗaya: na'urar nuna hanya tana farkawa nan take, alhali ta gaske sai ta gama lalubo tauraron ɗan adam, allurar mai ba ta rawa ko kaɗan, kamfas ba ya ruɗewa in an karkata, rediyo yana jin hasumiyar filin jirgi ta bayan dutse kamar da aljani. Sai ya kwashe ya zuba a dandalin masu wannan wasa a intanet, inda ake kiransa Kakan Helgeland, da sunan yankinsu, wasu don girmamawa, wasu don gajiya. In an gyara abu a sabuwar fitowa kuwa, ba ya rowar yabo. Ranar da kamfas ya fara ruɗewa yadda ya kamata, har sama ya hau ya kira matarsa ta zo ta gani.

Matar, Gunvor, direbar motar 'yan makaranta ce da ta yi ritaya, mace mai ƙarancin magana da tsayayyen hannu. Ta leƙa kamfas ɗin, ta dubi mijinta. Ita ta san abin da dandalin bai sani ba, cewa shekara shida ke nan mutumin nan yana kewar sama, kuma ba allo uku ba, ko talatin ba za su cike masa gurbin ba.

"Tsoho," in ji ta, "in ni ce a kujerar hagu ina tuƙi fa? Za ka shiga?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Yo in ke ce ai har da hular biki zan shiga."

"To, na ji."

Bai san ya ɗaure kansa ba sai da ya ga littattafan koyon tuƙi a teburin kicin. Gunvor ta ci jarrabawar rubutu tana da shekara sittin da ɗaya, ta fara tashi da Oddvar duk ranar da sama ta yarda, wanda a gaɓar nan ba kullum ba ne. Ranakun ruwa da hazo sai ta sauka ɗakin ƙasa, Torleif ya ba ta kujera, ya zauna a gefe kan akwati yana zama mata hasumiya. Ba a taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na wannan lokacin ba. Sai dai lokaci ya yi ta ja, wa'adin jarrabawarta ta rubutu zai ƙare kafin bazara, mai gwajin tuƙi kuma zai zo ƙarshen Satumba. Ta faɗa masa sarai cewa sau ɗaya za ta gwada, in ta faɗi ba za ta sake komawa kan littattafan nan ba. Wato dai komawar Torleif sama ta rataya a kan rana ɗaya.

Saura mako uku Oddvar ya kira shi ya zo rumfa. Ranar aikin gayya ce, ana fentin ƙofa, an toya wainar wafal an yanka cuku mai ruwan ƙasa. Gunvor na zaune da kofi, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Injiniya, zauna," in ji Oddvar. "Ina da tambaya. Mene ne a cinyar matarka ta hagu?"

"Kai, Oddvar, ka kiyaye ni."

"Da gaske nake. Sau uku ke nan. Muna karanta jerin dubawa kafin tashi, in na ce agogon tsayi, sai ta ce an saita, ta ɗan danna cinyarta da yatsa, ta wuce. Agogon kuwa ko kallo bai samu ba."

Agogon tsayi, ga wanda bai sani ba, da nauyin iska yake auna nisan jirgi da teku, nauyin iska kuma kullum cikin sauyawa yake. Don haka kafin a tashi hasumiya takan faɗi lambar ranar, matuƙi ya murɗa ɗan maɓallin da ke gindin agogon har lambar ta zauna. In bai yi ba, agogon zai yi ta shirga masa ƙarya da fuskar gaskiya.

"Yau na bar ta," Oddvar ya ci gaba. "Jiya iska na da nauyi, yau ta sake. Muka tashi da lambar jiya. Na ce mata, Gunvor, muna ƙafa nawa? Ta ce dubu. Na ce leƙa ƙasa, tun yaushe ake ƙirga ƙafafun tumaki daga ƙafa dubu? Ko ɗari biyar ba mu kai ba. In ta yi wa mai gwaji haka, ko titin tashi ba za ta hau ba."

Torleif ya buɗe baki zai ce laifin masu manhaja ne, sai ya tuna wani abu. A jirgin kwamfuta akwai maɓalli ɗaya a allon rubutu, in ka danna shi agogon ya saita kansa. Masu wasan duk sun san shi. Torleif ya yi wa rediyo maɓallan murɗawa na gaske, ya yi wa fitilu, ya yi wa mai, amma na agogon tsayi ya ce sai an jima, an jimar ta kai shekara da shekaru. Allon rubutun yana ajiye a kan cinyar hagu. Bai taɓa koya wa Gunvor ta danna ba, ita dai ta ga yatsansa na yi, nata ya ɗauka. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Littafi guda ya cika da na wasu.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Daga wajena ta gani."

"A'a, a sake faɗa," in ji Gunvor. "Oddvar, ka ji ko? Shekara talatin da takwas ina jiran wannan kalma."

"Na ji, ni ne shaida. Kakan Helgeland da kansa!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma kunya ta kama shi har wuya, tsoro kuma ya fi kunyar. Ba faɗuwa jarrabawa kaɗai ya hango ba, ya hango matarsa wata rana cikin hazo tsakanin duwatsun nan da agogo mai ƙarya, saboda lalacinsa. Oddvar ya ce shawararsa a rufe ɗakin ƙasa har bayan gwaji. Torleif ya roƙi kwana biyu.

Yana isa gida ya sa sukundireba ya ɓalle maɓallin daga allon, ya jefa a kwandon shara. Ya tono wani tsohon rediyon jirgin ruwa a ma'aji, ya cire masa abin murɗawa na tagulla, ya yini yana haɗa waya, ya dasa shi daidai inda yake a jirgin ƙungiya, har da auna tazarar da ma'auni. Sannan ya buɗe littafin mai baƙin bango ya rubuta laifi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, a gurbin mai laifi ya sa sunansa.

Daga nan kullum kafin Gunvor ta sauko sai ya riga ta ya birkita agogon, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa. Ya zauna kan akwatinsa ya toshe hanci yana kwaikwayon hasumiya, ya ba ta lamba. Kwanaki huɗun farko yatsan ya yi ta zuwa cinya yana tarar da wayam, tana tsaki.

"Sabo turken wawa," in ji shi.

"Wa ya kafa turken?"

Ya miƙa hannu ya sake birkita agogon. A mako na biyu hannun ya fara miƙewa gaba da kansa. A na uku har ta kama shi ya ba ta lambar da ba ta dace da tsayin filin ba, ta ce hasumiyar nan a kore ta daga aiki.

Ranar gwaji bai je filin ba. Ya ce yana da itacen da zai jera kafin ruwa, ya kuwa jera shi, ya rushe, ya sake jerawa. Ya ji tashin jirgin, ya ji dawowarsa bayan awa ɗaya da rabi, ya ji shiru. Can sai ga motar Gunvor. Ta fito, ta wuce ciki ta ɗora ruwan kofi, sannan ta leƙo ta taga.

"Asabar ƙarfe goma. Ka sa rigar sanyi, kujerar dama iska na shiga."

Asabar ta zo da sama tas. Torleif ya zauna a dama, ya ɗaura bel, ya haɗa hannuwansa a kan ciki don kada su yi abin da ba a sa su ba. Injin ya ɗauka, titin ya fara gudu a ƙarƙashinsu, sai ya ji abin da babu allon da ya taɓa ba shi: kujera ta danno bayansa, ƙasa ta sake su. Tsibirai suka bazu, teku na ƙyalli, jirgin na ɗan rawa a cikin iska. Idonsa ya cika, bai kuma damu ya ɓoye ba.

Gunvor ta daidaita jirgin, ta rage wuta, ta ɗan dube shi.

"To, tsoho, ga ka a sama. Ina muka nufa?"

Ya lalubi sunan gari ko ɗaya a kansa ya rasa.

"Ko'ina," ya ce. "Ke dai kada ki yi saurin sauka."