Maman Godwin da Ambulan ɗin da Na Bari a Kan Tebur

Kafin masu keke napep su fara haya, Maman Godwin ta riga ta buɗe shago. Ɗan ƙaramin shago ne a bayan kasuwar hatsi ta Ƙaura, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Za ta share gabansa, ta hau benci da tsumma ta goge faifan sola, ta sauko ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfutocinta biyu da shi, sannan ta sa tabarau ta zauna. Sunanta Mwuese, 'yar Tibi ce daga Binuwai. Harshenmu ya kasa juya sunan, sai muka bi ta kan ɗanta. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan zama.

Ni manomi ne. Bokona na yaƙi da jahilci ne, kuma an san ni da karin magana. Yau ba zan ɓuya bayan ko ɗaya ba, don abin da zan faɗa da kunyata a ciki.

Aikinta buga wa ɗalibai takardu, da kwashe wa mutane hotuna daga waya. Tana kuma sayar da ɗan baƙin akwatin nan mai igiya, kamar tafin hannu, wanda ake zuba hotuna da murya da takardu a ciki a kai gida a ajiye. Amma ba ta taɓa miƙa wa mutum akwati ranar da ya saya ba. Sai ta cika shi maƙil da tarkace, ta sake karanto abin da ta zuba ɗaya bayan ɗaya, yadda mata ke cika sabuwar randa da ruwa su bar ta su ga ko tana yoyo. Kwana biyu abin yake ci. Mutane suna ta mita, wai ta cika nawa. Kulsumu mai abinci, wadda rumfarta ke manne da shagon, ta ce da idonta ta ga matar nan ta mayar da kwali guda ga wanda ya kawo mata, don uku daga ciki sun yi yoyo. Mutumin bai ƙara kawo mata kaya ba.

To ga nawa labarin.

Shekara shida da suka wuce 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a ƙasar Zurmi, muka zube a Ƙaura. Cikinmu akwai tsoho Malami, wanda ya fi shekara hamsin yana bin mai gari duk inda za a raba gona. Ba mu da takarda ko ɗaya. Iyakokin gonakinmu kaf a kansa suke. Da muka ga jikinsa yana ja baya, sai muka zaunar da shi gindin dalbejiya kwana uku, yana faɗa ana ɗauka. Gonakin tudu a wayata. Da katin ajiyar wayata ya cika, aka ci gaba da na fadama a wayar Hafizu, ɗan ƙanena. Malami bai ga damina ta gaba ba, Allah Ya jiƙansa.

Dattawa suka ce waya ba wurin ajiya ba ce, a nemi akwati, kuma ni suka ɗora wa amanar. Na je wurin Maman Godwin, ta nuna mini nata, ta ce in dawo jibi. Ranar Alhamis sai na shiga kasuwar Shinkafi. Ga wani da lasifika ya baza irinsu a tabarma, yana ihun ragi: rabin kuɗi, kuma cikinsa ya ninka na shago sau huɗu. Na tsuguna na yi abin da na iya. Damin geron da ya yi ido, hannu ke faɗa maka tun kafin a sussuke. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, na zaɓi wanda ya fi nauyi, na taho ina jin na yi wa gari dabara.

Da na kai wa Maman Godwin, ta juya shi a hannu, ta ce, "Baba, bar mini shi kwana biyu in gwada."

Na ce, "Ke dai haushi kika ji ban sayi naki ba."

"Na ji haushin. Amma bar shi in gwada."

"Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake auna kaya da hannu. Ji nauyi!"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan fa ba doya ba ce."

Ban yi dariya ba. Na ce ta zuba muryar Malami daga wayoyin biyu yanzu, ni da Hafizu muna tsaye. Ta zuba, sunayen abin da ta zuba suka fito jere a fuskar kwamfuta, na ce to ga shi nan. Hafizu ya ce wayarsa ta cika, ko hoto ba ta ɗauka, ya goge? Na ce goge. Ta miƙe tsaye ta ce ya dakata, ta roƙe ni in bar ta ta ajiye kwafi a kwamfutarta. A nan na faɗi maganar da har gobe take ƙona ni. Na ce, "Sirrin gari ba ya kwana wurin baƙo."

Baƙo. Matar da a lokacin ta shekara goma sha bakwai tana shan ruwan Ƙaura, ni da nake gudun hijira a garin na kira ta baƙuwa. Hafizu ya goge. Ita kuma ta zare katin wayata, ta sa mini wani sabo nata, ta saka tsohon a ambulan ta liƙe ta rubuta sunana.

Ta ce, "Baba, irin shuka a rumbun ci kuke zuba shi?"

Na ce, "A'a, daban ake rataye shi."

"To wannan iri ne. Rataye shi daban."

Na bar ambulan ɗin a kan tebur da gangan, na fita.

Bara hanya ta ɗan lafa, mutanenmu suka fara komawa noma. Suka tarar an sare itatuwan da muke shaida da su, jerin gambar da ke kan iyaka ta haɗe da daji. Aka ce a ɗauko muryar Malami. Na ciro akwatin daga ƙasan adaka, naɗe cikin rawani, muka taru mu tara a gaban shagon. Sunayen suna nan jere yadda na bar su. Aka taɓa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Har na ƙarshe. Ta ɗauko sukudireba ta buɗe shi a gabanmu. Noti biyu na ƙarfe aka liƙa da gam, sai wani ɗan abu kamar farce a gefe. Ta bayyana mana cewa ɗan abin nan yana karɓar duk abin da aka ba shi, yana riƙe suna, yana zubar da ciki. Nauyin da na ji ke nan. Noti biyu na sayo wa gari.

Ba wanda ya dube ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Maman Godwin ta jawo durowa, ta ɗaga wasu takardu, ta fito da ambulan. Shekara huɗu, liƙinsa ko ɓantarewa bai yi ba. Ta miƙo mini ta ce, "Baba, ka yi mantuwa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da muryar Malami ta tashi, "Daga tsamiyar bakin hanya ka yi gabas taki arba'in, akwai dutse an binne, ku tona," wani dattijo ya rufe fuska da hannun riga. Aka je aka tona, aka sami dutsen. Gonakin tudu kowa ya kama tasa ba ko musu.

Fadama kuwa ta tafi. Hafizu ya daɗe da sayar da waccan wayar. Matar nan ta yi mako biyu tana fama da ɗan farcen nan ko za ta tsinci wani abu, ba ta karɓi ko sisi ba, ba a kuma samu ba. Yau gida biyu da kakansu ɗaya ba sa gaisawa ko a jana'iza, kuma fadamar da ke ciyar da mu da rani ta kwana biyu ba a sa mata fartanya ba. Ba 'yan bindiga suka yi wannan ba. Ni ne, da mai lasifika.

Yanzu ƙarshen watan nan za ta rufe shago ta koma gida. Ido ya gaji, kuma ciniki ya koma tabarma. Mai lasifika yana nan kowace Alhamis, mutane suna tsugune suna auna nauyi. Wadda ke gwadawa ita ce za ta tafi, ba taro, ba takardar yabo, ba wanda ya ce a tsaya.

To ni na ce a tsaya. Mwuese, yau na koyi faɗin sunanki. Ke ce aka zaga kika riƙe amanar wanda ya zage ki. Ke ce mai ambulan, wadda ta fi mu sanin darajar tsohonmu. Ba ki taɓa taka gonakinmu ba, amma duk wanda ya ci tuwon tudu bana da hannunki a ciki. Na gode. Allah Ya saka miki, Ya kai ki gida lafiya, Ya raya miki Godwin.

Ku kuma masu shago da za ku gaji layin, ku gwada kafin ku miƙa, ko da mai saye zai yi fushi. Masu saye, in an ce ku dawo jibi, ku dawo jibi. Abin da ba ku da na biyunsa, kada ku ba shi ɗaki ɗaya.

Shekaranjiya na je neman gafara. Ta ce ai ya wuce, ta miƙo mini akwati biyu daga nata, gwadaddu, muryar Malami a kowanne, ta ce ɗaya Zurmi, ɗaya Ƙaura. Na ce ta yi na uku.

Ta ce, "Na wa, Baba?"

Na ce, "Naki. Ki tafi da shi Binuwai. Can nake so ya kwana."