Simintin da ke Ƙarƙashin Dasashi

A shekarun da sojoji suka koma bariki, hotunan 'yan takara suka rufe bangayen Ƙofar Durbi, a lokacin ne haƙorina na gaba, na sama, ya faɗi. Ga wanda ya daɗe yana limanci wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin akwai haruffan da ba sa fita daidai sai kan harshe ya taɓa bakin wannan haƙori. Na riƙa jin iska tana kuɓucewa a karatuna, na kuma san mutanen sahun farko suna ji.

Akwai wani likitan haƙori a Ƙofar Kaura, ɗan abokin karatuna, wanda ya dawo daga Masar bayan sauyin mulki. Shi ya kafa mini turken ƙarfe a cikin ƙashin gurbin haƙorin, ya ce in jira wasu watanni ƙashi ya riƙe shi. Da na koma, sai ya ajiye ƙananan ƙarafa biyu a kan farin ƙyalle. Ya bayyana cewa ɗayansu za a ɗaura a kan turken, sannan a kifa sabon haƙori a kansa, a manne da siminti irin nasu. Na farko, kafaɗarsa tana tsayawa daidai bakin dasashi, don haka wani siririn layin ƙarfe zai riƙa bayyana idan na yi magana. Na biyu, kafaɗarsa tana nutsewa can ciki, ba wanda zai ga komai.

Na zaɓi na biyu tun bai rufe baki ba. Na sha yin wa'azi a kan mazan da ke dawowa daga Makka da haƙorin zinariya suna ta murmushin dole, sai na ji nauyin a ga ƙarfe yana ƙyalli a bakin liman.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "simintin da ya tsattso waje ina iya kankare shi. Wanda ya shige ƙarƙashin dasashi kuwa, idona ba ya kaiwa gare shi."

Na ce ya yi yadda na faɗa. Ni na raɗa masa suna ranar da ya cika kwana bakwai a duniya, ba zai yi musu da ni sau biyu ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi aikinsa.

Shekara guda haruffa suna fita tsaf, ina godiya ga Allah. Sai wata safiya na ga ja a kan asuwakina. Na ɗauka icen ne ya yi tauri, na canza wani, jinin bai daina ba. Da azumi ya kama na riƙa yini ina tofarwa, ina tsoron haɗiye shi. Ladanin masallacinmu, mutum mai kunya, ya fara kawar da fuska kaɗan idan muna gaisawa.

Likitan ya ɗauki hoton wurin, ya ɗaga shi wajen haske. Kewaye da turken akwai wata baƙar inuwa. Ya ce ragowar simintin nan ce ta tara ƙazanta, ƙashin yana narkewa daga ciki yadda gara ke cin azara. Dole a cire komai, kuma bai da tabbacin abin da ya rage zai riƙe wani turken. Bai tuna mini da maganarsa ta farko ba. Na roƙe shi a bari sai bayan Salla.

Ranar ashirin ga wata, a raka'ar farko ta magariba, harshena ya taɓa haƙorin, na ji ya matsa. Kaɗan ne ƙwarai, amma na ji. Na ƙarasa sallar da gajerun surori.

Washegari da aka tayar da iƙama, na kama hannun na'ibina na tura shi gaba. Ya dube ni yana neman dalili, na nuna masa wurin liman. Na tsaya a bayansa cikin sahu, bakina a rufe, harshena yana tokare da haƙorin. Fari ne tas, babu ko alamar ƙarfe a jikinsa, kamar yadda na nema.