Ciyawar Baba ta Cikin Gilashi

Wata Juma'a ce cikin watan Maris, shekarar da hanyar Najeriya ta mutu, na zuba wa kifayen Baba takin auduga. Wallahi ba su na nufa ba, ciyawar da ke bayansu na so in taimaka wa. Abokina Piyer, ɗan maƙwabcinmu mai gona a hanyar Pitowa, shi ya sato mini takin a ƙullin leda, ya rantse cewa ko muciya aka kafa aka barbaɗa mata sai ta yi ganye. Na juye duka cikin akwatin gilashin da kifayen ke ciki, na tafi masallaci ina jin kaina sarkin noma. Da muka sauko, jajayen kifayen nan duk sun juya ciki sama.

A da, akwatin yana shagon atamfar Baba ne a babbar kasuwar Garwa. Wani abokin cinikinsa ya kawo masa daga Duwala, da ƙwan lantarki a sama da ɗan inji mai hura kumfa. Can baya, jikin gilashi, ciyawar take tsaye, kara siriri, ganye lallausa kamar gashin tsako, tana tashi daga yashi har ta taɓo saman ruwa ta kwanta. Mata sukan shigo kallon kifi su fita da turmin atamfa. Shi kuwa Baba ciyawar ce 'yar lelensa. Duk Lahadi sai ya naɗe hannun riga, ya datse kawunanta da almakashin yadi, ya tuge gindin da ya yi sanƙo, ya dasa kan a gurbinsa. Yakan ce, "In ba a yanke ta ba, inuwar kanta ke kashe gindinta." Da kaya suka daina shigowa, 'yan sarin Rai Buba da Bibemi suka daina leƙowa, sai ya rufe shagon. Mai amalanke ya kawo akwatin zaurenmu, Baba ya shige ɗaki ya saki labule.

Baba fa mutum ne da in ya daka tsawa a unguwar Yalwa, dorinar Binuwai sai ta nutse. Don haka ranar takin na zura wando kan wando, na raba wa ƙannena gadon ƙwallona da danƙona, na tsaya jiran ajali. Ya fito, ya dubi kifin, ya dube ni, ya ce, "Ba komai, Sani. Kwashe ka ba kyanwa." Ya koma ciki. Da ya zane ni, da na yi kukana na manta. Wannan "ba komai" ɗin ce ta hana ni cin tuwo.

Na sauya ruwan, ciyawar ta tsira, sai na ƙudura a raina cewa in ta koma kamar da, Baba zai fito. Kafin in tafi lekwal, wato makaranta, nakan kai jarka layin famfo, in bar ruwan ya kwana don warin maganinsa ya fita. Na kankare gansakuka da tsohuwar reza har yatsuna suka zama kamar na mahauci. Wuta ba ta zama, ana ta cewa ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya, ganyen ya fara rawaya saboda duhun zaure, ni da Piyer muka riƙa jan teburin akwatin zuwa bakin ƙofa ya sha hasken safe. Na bar ƙwallo, na bar langa. Inna takan ce, "Mutane na neman na sha, kai kana shayar da ciyawa. Akuya na haifa?"

Wata rana na ɗauko almakashi na datse kawunan, amma duk wanda na cusa cikin yashi sai ya taso ya yi iyo. Ina cikin zaginsu na ji murya a bayana: "Ba haka ba, sakarai!" Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Baba ya naɗe hannun riga, ya tsige ganyen ƙasa, ya danna kowane kara da yatsu biyu, yana barin fili tsakani don haske ya ratsa. Ya zauna a zaure har la'asar, har da cewa a dafa masa shayi. Na ruga madafa na ce, "Inna, Baba ya zage ni!" Ta ajiye ludayi ta ce, "Alhamdulillahi."

Sai Afrilu ta shigo, watan da kazar Garwa ke saka dafaffen ƙwai. Famfo ya ƙafe, wuta ta tafi kamar ta yi yaji. Ruwan akwatin ya yi zafi kamar na wankan jego. Na naɗe gilashin da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi wa randa, amma ruwan jiƙa buhun ma ya gagara, ga ƙannena suna lasar moɗa. Ganyen ya zube, karan ya yi yauƙi kamar lalo, zauren ya ɗauki wari. Na tsaya bakin labule na ce, "Baba, zo ka gani, me zan yi mata?" Daga ciki ya amsa, "Bari, Sani." Washegari na sa hannu zan ɗaga na ƙarshen, ya narke tsakanin yatsuna.

Kafin ruwan farko ya sauka, Baba ya hau motar Ngaundere, daga can ya shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda yake tsaron shagon wani. Yanzu na kusa gama sakandare, sai na sunkuya nake shiga zauren nan, ruwa kuma ni ke ɗebo wa gida gaba ɗaya. Yakan kira a waya, ya tambayi karatu cikin wata siririyar murya, ya sa mana albarka. Inna na ajiye busasshiyar kuɓewa cikin akwatin. Har yau Baba bai dawo ba.