Tarwaɗa a Tankin Kashe Gobara

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Kun san siton shinkafa inda nake aiki a Yelwa. A rufinsa akwai bututai masu feso ruwa da kansu in gobara ta tashi. Da hantsi injiniya ya zo daga Sakkwato ya gwada su. Ya murɗa famfon gwaji. Shiru! Ko ɗigo!

Muka zaga wajen tankin da ke ba su ruwa. Ya ɗaga murfi. Wallahi tarwaɗa ce maƙil, ruwan ko gwiwa bai kai ba!

Injiniya ya ce, "Kifin wa?"

Baba Manu maigadi ya ce, "Nawa ne, ranka shi daɗe. Nan nake aje su har ranar kasuwa. Ni na rufe babban famfon, kada su bi bututu su ɓace."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Injiniya ya dubi tulin ƙaiƙayin da ke jikin bango, ya yi salati. Ya ce laka ta toshe komai, gyara sai bayan sati biyu.

Ga shi ana ƙona gona a bayan katangarmu. Iska ta juyo. Toka ta fara sauka a kan takardar da nake rubuto muku.