'Yar Farin da Aka Haifa a Ƙetaren Iyaka

Matata 'yar Nijar ce, ƙauyensu bai fi tafiyar rabin awa a babur daga garinmu Babura ba. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Can ta haifi 'yarmu, can ta yi wankan jego. Ni dai na kai rago na ci nama, ban taɓa kawo wa raina cewa an tsallaka wata ƙasa ba.

Yarinyar ta taso da baki, ga son shugabanci, ko wasan 'yar tsana ake sai ta zama mai raba aiki. Tana aji huɗu ta sanar da gida cewa shugabar ƙasa za ta zama. Muka ce Allah ya sa.

Wata Laraba ta dawo daga makaranta ido jawur. An koya musu cewa sai ɗan ƙasa ta haihuwa ke hawa kujerar, 'yan ajinsu kuwa suka sa ta gaba da waƙar 'yar sefa, wato kuɗin Nijar.

"Baba, ashe ni ba 'yar Najeriya ba ce?"

Na yi dariya, amma fa ban san amsar ba. Uwarta ce ta ba ni tausayi. Kunyar 'yar fari ta hana ta rarrashi, don ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "ke". Daga baya ta ce da ni, "Malam, da na sani da na haihu a nan."

Maƙwabcinmu tsohon magatakardan kotu ne, mutumin kudu, Kirista, ya fi ni jin Hausa. Na ja yarinyar muka je. Ya sa tabarau, ya ɗauko kundin tsarin mulki da ya sha jiki, ya karanta ya fassara mata: wanda aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa.

"Ranki ya daɗe, shekaru kawai suka rage miki," in ji shi. "Sai kuma ƙuri'a. Tawa dai kin samu."

Da gudu ta riga ni gida. Na tarar tana tsakar gida tana zayyana wa uwarta doka, har da alƙawarin ziyararta ta farko ƙauyen kaka za ta kai, da jerin motoci. Uwar ba ta ɗago kai ba, tana ta kwasar tuwo, amma na ga kafaɗunta na rawa don dariya. Daɗi ya kama ni.

Da yarinyar ta gama, uwar ta tura kwano gaba, ta ce, "Shugaba, zo ki ci abinci."

Shekara tara yarinyar nan tana amsa "ke". Har yau Shugaba uwarta ke kiranta.