Sati Huɗu Kafin a Kunna

Sanƙarau ne ya tafi da jin ƙanwata a zamanin soja, lokacin da in ka je asibiti takarda kawai za a miƙo maka, ko allura babu. Shekararta goma sha uku. Bakinta bai mutu ba, amma daga nan sai nuni da hannu da kallon leɓe.

Sai da ta aurar da 'yarta ta fari sannan aka samu yi mata aiki a birni, aka dasa mata na'urar ji a bayan kunne. Likita ya ja ni gefe ya ce ba za a kunna ba sai wurin ya warke, mu dawo bayan sati huɗu. Kafin nan ko tsawa ba za ta ji ba.

Muna dawowa Ikara 'yan dubiya suka cika gida, kowa ya zama likita. Wannan ta tafa mata a ƙeya, waccan ta ƙwala mata kira. Kawunmu ya taso takanas daga Gubuchi, ya lallaɓa ta bayanta ya doka murfin tukunya da ƙasa. Ko gezau.

"To, an fasa wa yarinya kai a banza," in ji shi.

"Kawu, ba a kunna ba! Sau nawa zan faɗa?"

Har yau in na tuna murfin nan sai zuciyata ta tafasa. Na yi ta masifa, na gaya wa maƙwabta, na gaya wa mai niƙa, har 'yan acaɓa sun sha bayani.

Ranar komawa asibiti mota tana jira, na sami ƙanwata ko wanka ba ta yi ba.

"Yaya, ba ni zuwa," ta ce. "Na ga bakinsu. Aikin bai yi ba."

Na buɗe baki zan sauke mata nata kason, sai na tuna. Ni likita ya gaya wa. Ni kuma na gaya wa duk Ikara, ban da ita. Kullum tana ganina ina faɗa, ta ɗauka takaicin lalacewar aikin ne.

Na jawo rediyon mijinta na zare batir, na murɗa bai kama ba, na nuna kunnenta. Na mayar da batir na kunna, na ɗora tafinta a kai har ta ji yana rawa. Ta daɗe tana kallona.

"Tun yaushe kika sani?"

Na ɗaga yatsu huɗu.

Ta yafa mayafinta ta wuce ni zuwa mota. Har muka isa asibiti ba ta ƙara kallon bakina ba.